Ina neman turaren zuwa aiki mai sanyi da ɗan yaji, wanda ba zai cinye mini albashi ba

Ɗan Yelwa, Garwa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema a kan turare, amma bari in fara da abin da ya kawo maganar don ku gane irin wanda nake nufi.

Wata huɗu ke nan da na samu aiki a wani ƙaramin ofishin ajiya da lamuni a nan Garwa. Ni ne a kan kanta, ina karɓar kuɗi ina bayarwa. Mu huɗu ne a ɗaki ɗaya, ɗakin bai fi taku shida ba, tagarsa ɗaya, ita ma kullum a rufe saboda na'urar sanyaya ɗaki. Daga gida kilando nake hawa, wato babur ɗin haya, kuma wanda ya san Garwa a watan Maris da Afrilu ya san cewa tun kafin takwas na safe bayan riga ya jiƙe. Da rana kuwa zafin yana wuce awo 40.

Da na karɓi albashin farko sai na shiga kasuwa na sayi wata baƙar kwalba mai nauyi. A shago ƙamshinta ya tafi da ni, zaƙi-zaƙi kamar alawa da itacen ud. Kullum da safe sai in fesa sau shida, wani lokaci bakwai, har kan hula. Ranar wata Alhamis bayan mun tashi, Hajiyar da ke riƙe mana littattafan lissafi, wadda ta yi sa'ar mahaifiyata, ta jira sai da kowa ya fita, sannan ta ce, "Ɗana, kada ranka ya ɓaci. Turaren nan naka mai kyau ne, amma ya fi ƙarfin ɗakin nan. Sati uku ke nan kullum da ciwon kai nake komawa gida." Wallahi na ji kunya ƙwarai. Ashe maganin da nake ganin tana haɗiya kowace azahar ni ne dalili, kuma ta yi ta haƙuri ba ta ce komai ba.

Tun ranar na daina sa komai. Amma hakan ma bai kwanta mini ba. Aikina na kusantar mutane ne, mata 'yan kasuwa da dillalan shanu sukan sunkuyo har kan kanta mu ƙirga kuɗi tare, ni kuma ga gumin hanya a jikina.

Akwai wani dattijo da ke zuwa ajiya duk Litinin. In ya miƙo takardarsa sai ka ji wani ƙamshi kamar an ɓare lemo a kusa da shayi mai citta, da ɗan yaji-yaji kamar masoro can ƙasa. Ba ya cika ɗaki, sai ka matso kake jin sa. Irin wannan nake so. Nauyinsa nake ji shi ya sa ban tambaye shi ba.

Abin da zan iya kashewa jaka goma sha biyar ne, wato sefa 15,000, in ta matsa in kai 20,000. Wane suna zan nema? Kuma yaya zan yi ya kai ni la'asar ba tare da na cutar da kowa ba? Na gode.

Baba Mai Turare, Marwa

Wa alaikumus salam ɗana. Da farko Allah ya yi wa Hajiyar nan albarka, ta yi maka abin da uwa ke yi. Kai ma da ka karɓi magana ka kyauta.

Na shekara fiye da ashirin ina sayar da turare, kuma abin da ya same ka ina ganinsa duk mako. Yaro ya shigo, a fesa masa a bayan hannu, ya shinshina sau ɗaya ya ciro kuɗi. To abin da ya shinshina ba shi zai zauna da shi ba. Ni haka nake yi wa masu saye bayani: turare kamar baƙo ne, yana da sallamarsa, yana da zamansa, sannan akwai abin da yake bari bayan ya tashi. Sallamar ita ce ɓawon lemo, na'ana'a da makamantansu, ba sa daɗewa, cikin rabin awa sun tafi. Zaman shi ne kayan yaji da furanni, citta, masoro, kirfa, kanumfari, gyaɗar ƙamshi, su sukan yi 'yan awoyi. Abin da ke saura a wuyan riga har dare kuwa shi ne itace, almiski, ambar, da zaƙin banila. Naka na farko a nan ƙarshen ƙarfinsa yake. Irin wannan zafi kumbura shi yake yi, sai ka haɗa shi da gumi, ka shigar da shi ɗakin da iska ba ta fita. Dole kan mutum ya yi ciwo.

Saboda haka kada ka tsaya a kan lemo da yaji kawai, ka tambayi abin da ke ƙarƙashinsu. Wanda ya dace da ƙasarmu shi ne wanda ƙarshensa busasshe ne, ba mai danƙo ba. Ka san jema? Ciyawar fadama ɗin nan da iyayenmu mata ke jefa saiwarta a randa don ruwa ya yi ƙamshi. 'Yar'uwarta ce masu haɗa turare ke kira vetiver, mafi yawan man da suke aiki da shi daga ƙasar Haiti ake kawo shi. Ƙamshinta kamar ƙasa ce da aka yayyafa wa ruwa, ba ta hawa kai ko rana ta take. Duk turaren da aka ɗora lemo da masoro a kan jema, to an yi shi ne kamar don mutumin Garwa.

Daga yadda ka kwatanta na dattijon nan, zuciyata ta fi karkata ga Terre d'Hermès ko wani mai bin sawunsa. Na Faransa ne, ya fito a 2006, wani gwani mai suna Jean-Claude Ellena ya haɗa shi: lemon zaƙi, lemo mai ɗaci, masoro, jema da itacen sida. Amma wannan ba na aljihunka ba ne yanzu. Wanda zan ce ka nema shi ne Fattan na maza, na kamfanin Rasasi da ke Dubai. Hanyarsu ɗaya, sai dai shi ya fi ɗan kore-kore, sallamarsa kuma ta fi kaifi. Kwalbar mililita 50 ce, kuma kuɗin da ka ambata ya kamata ya ishe ka. In ba ka samu ba, ka gwada Cool Water na Davidoff, tsohon hannu ne tun 1988, na'ana'a da sanyi, sai dai yajinsa kaɗan ne. Akwai Hawas, shi ma na Rasasi, yana da kirfa da lemo, samari na son sa, amma zaƙinsa da yawa kuma yana tashi sosai. A ɗakin da ka kwatanta ni ba zan ba ka shi ba.

Sai maganar jabu, don nan ne ake cin kuɗin yara. Kuɗinmu a ɗaure yake da Yuro, Yuro ɗaya sefa 655 da 'yan kai. Babbar kwalbar Sauvage ko Bleu de Chanel a can inda ake yin su ta haura Yuro 100, ka ga ta wuce sefa 65,000 ke nan tun kafin a biya jirgi da kwastan. Wanda ya miƙo maka ita a kan jaka takwas ya ce ta asali ce, kai ma ka san amsa. Gara ka sayi na Dubai na gaskiya da sunansa, da ka sayi ruwan da ba ka san me aka zuba ba a kwalbar Faransa. Su ma na Dubai ɗin yanzu ana yin jabunsu. Ka duba lambar da ke ƙasan kwalba ta yi daidai da ta kwali, ka duba murfi ya zauna daram, ka ga feshin yana fita kamar hazo ba kamar tsartuwa ba. Sannan ka lura da inda mai shago ya ajiye kayan. Turaren da ya wuni a kan tebur a rana ya riga ya dahu, ko na asali ne.

Kada ka saya ranar da ka gwada. Ka je bayan azahar, a fesa maka sau ɗaya a damtse, ka hau kilandonka ka tafi harkarka. Da magariba ka shinshina. In har lokacin kana son sa, ka koma gobe. Mai shagon da ya ƙi yarda da haka, ka bar masa kayansa.

Abba na Baladji, Ngaundere

Abokina, Baba ya yi bayani, amma ni dai ina ganin ka nemi Club de Nuit Intense Man na Armaf ka huta. Shekara biyu ina sa shi. Lemon tsami ne da abarba da ɗan hayaƙi-hayaƙi, kwalbar mililita 105 ce, za ta kai ka kusan shekara. Na fesa da asuba in hau jirgin ƙasa da yamma, wallahi har mu isa Yawunde washegari yana jikin rigata. Duk inda na shiga sai an tambaye ni sunansa. Abu ɗaya ne, minti goma na farko yana da kaifi, sai ka fesa tun kana gida kafin ka karya.

Baba Mai Turare, Marwa

Abba ɗana, turaren da ka faɗa mai kyau ne, ina sayar da shi kuma yana tafiya. Amma ka tuna kai a kan tudu kake. Ngaundere ta haura mita 1,000 a sama, da safe har rigar sanyi kuke sawa. Garwa kuwa a kwarin Binuwai take. Abin da ya zauna lafiya a jikinka can, a jikinsa tashi zai yi. Kuma shi ba neman a tambaye shi suna yake yi ba, nema yake Hajiya ta koma gida kanta lafiya. In zai sa shi, to feshi ɗaya tak, a ƙirji, a ƙarƙashin riga.

Maman Hanifa, Kusuri

Ƙanina sannu da ƙoƙari. Ni humra da turaren wuta nake haɗawa, ina tsallaka gadar Ngeli in kai wa masu saye a Njamena, kuma mijina ma ma'aikaci ne, ni ke shirya masa kaya kullum. Maza kuna ta maganar kwalba, ba wanda ya taɓo riga, alhali rabin matsalar a can take.

Turare ba ya kashe warin gumi, hawa kansa yake yi su tafi tare. In rigar jiya ce aka maimaita, ko wadda aka wanke ba ta bushe sosai ba aka ninke, ko me ka fesa sai ya juya. Ka samu singileti na auduga guda biyar ko shida, kullum sabo. Bayan wanka ka goga alif a hammata tun jikin da ɗan danshi, kuɗinsa ba komai ba ne a wurin masu kayan koli, kuma ba shi da ƙamshin da zai yi faɗa da turarenka. In kana sa na shafawa na kanti, ka nemi marar ƙamshi. Sau da yawa abin da ke sa wa mutane ciwon kai ba turare ɗaya ba ne, taron su ne: sabulu da nasa, man shafawa da nasa, na hammata da nasa, ga na feshi a sama.

Ga abin da nake yi wa maigidana. Da dare bayan na goge kayan gobe, sai in sa garwashi ɗaya a kasko, in ɗora ɗan sandal da kajiji, kaɗan fa, ba irin na amare mai sukari da yawa ba. In kifa kwando a kai, in shimfiɗa rigar minti biyar, in ɗauke in rataye ta a inda iska ke shiga. Kafin safiya hayaƙin ya fita, sai ƙamshin itace mai taushi ya rage a zare. Da safe ya fesa na lemo sau biyu ya fita. Na feshin yana tafiya wajen sha biyu, na rigar kuwa yana nan har ya dawo, kuma ba ya tashi ya bi mutane, sai wanda ya zo gaisawa ke ji. In ba ka da aure, ka roƙi Inna ko ƙanwarka, ba abin da zai gagare su ba ne.

Don la'asar da ka tambaya, ba sai ka ƙara yawan feshin safe ba. Ka sayi 'yar kwalbar mai ta birgimawa ta Al-Rehab, mililita 6, ka nemi wanda ake kira Silver, sanyi ne da lemo, ba shi da nauyi. Ka bar ta a aljihu. In ka yi alwalar azahar ka goga sau ɗaya a wuyan hannu. Ba ta da sinadarin alkohol, don haka in kana cikin masu kaffa-kaffa da wannan wajen salla, hankalinka a kwance. Malamai sun yi saɓani a kan na feshi, wannan ka tambayi malaminka. Amma ka kiyaye, mai yana ɓata farar shadda. Na taɓa rasa sabuwar riga ta maigida saboda ɗigo biyu a gaban wuya, har yau tabon yana nan kamar taswira. A fata ake sa shi, a bari ya sha, sannan a saukar da hannun riga.

In hunturu ya shigo labarin zai sauya. Lokacin fata na bushewa tana shanye turare kamar yashi. Sai ka shafa ɗan man kaɗe wanda aka tace, marar wari, a inda za ka fesa. Wannan baƙar kwalbar taka ma kada ka zubar, a Disamba da Janairu da dare, wajen ɗaurin aure ko zaman shayi a waje, za ka ga amfaninta.

Malam Nas, Gidar

Ɗan'uwa, ni ma'aikacin jinya ne, ga abin da zan ƙara. Dalilin da ya sa ka kai feshi bakwai shi ne hanci yana sabawa. Bayan 'yan mintoci ƙwaƙwalwa takan daina kula da ƙamshin da ke tare da kai, sai ka ɗauka ya tafi, alhali na kusa da kai yana shan sa. Don haka kada ka auna da hancinka. In kana jin turarenka da ƙarfi tun safe har rana, to ka sani ya yi wa sauran yawa.

Na biyu, ƙamshi mai ƙarfi na tayar wa wasu mutane ciwon ɓarin kai, yana kuma tayar da asma. A wurin irin waɗannan ko mai sanyin ma yana iya taɓa su. Tunda Hajiya ta buɗe maka ƙofa, ka tambaye ta kai tsaye ko tana da ɗaya daga ciki. Ranar da za ka fara sabon, ka gaya mata, ka ce in ta ji wani abu ta faɗa maka. In ta ce shi ma yana damunta, to ka tsaya a kan sabulu da alif da tsabtataccen singileti a ranakun aiki. Mu a ɗakin marasa lafiya haka muke yi.

Kuma ka guji fesawa a wuya ko fuska in za ka shiga rana, wasu fatar tasu na yin ƙaiƙayi ko ta yi duhu a wurin. Ƙirji da kafaɗa a ƙarƙashin tufa sun fi.

Ɗan Yelwa, Garwa

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na yi shiru ne don ina so in gwada kafin in dawo.

Baba, na bi maganarka. Ranar Asabar bayan azahar na je babbar kasuwa, na zaga shago uku. Na farko kayansa a rana suke, ban tsaya ba. Na biyu ya ce ba ya buɗe kwalba sai an biya. Na uku wani dattijo ne, da na ce ina so in tafi da shi a jiki in dawo gobe, sai ya ce haka masu hankali ke yi, ya fesa mini Fattan a damtsen dama, na Abba kuma a hagu. Na hau kilando na je har bakin gada wajen wani abokina, na dawo gida da la'asar jikina sharkaf. Da magariba na hagun yana nan da ƙarfinsa, har ƙanwata ta ji shi daga bakin ƙofa. Na daman ya kwanta, sai na kai hanci nake jin sa, kuma abin da ya rage ɗin nan da ka ce, wallahi ƙamshin randar kakata ne a Pitowa. Ban taɓa sanin sunan saiwar da take jefawa ba sai da ka faɗa. Washegari na koma na saya, na duba lambar ƙasan kwalba da ta kwali kamar yadda ka ce, har canji ya rage na haɗa da 'yar kwalbar Silver da alif.

Abba, naka ma ya yi mini, ba ƙarya ka faɗa ba wajen daɗewa. In Allah ya hore zan saye shi don fita.

Yaya Maman Hanifa, Inna ta karɓi aikin riga da murna, ta ce dama tana da kajiji a ajiye. Daren farko ta ɗan cika hannu, rigar ta kama hayaƙi da yawa, sai na sa wata. Yanzu ta gane ma'aunin.

Malam, na tambayi Hajiya ranar Litinin kafin a buɗe ƙofa. Ta ce ba ta da asma, amma ciwon ɓarin kai tun tana budurwa take fama da shi. Na gaya mata na sa sabo, feshi biyu a ƙirji, in ya taɓa ta ta faɗa mini in daina. Ta ce to. Yau kwana tara ke nan ban ga ta buɗe jakar magani ba. Jiya da na kai mata takardun rufe lissafi, ta ɗago ta ce, "Wannan na lemon ne? Bar shi haka, kada ka ƙara."

Dattijon Litinin ɗin ma na yi ƙarfin hali na gaishe shi na tambaya. Ya ce ɗansa ne ya aiko masa daga Faransa, shi bai ma riƙe sunan ba, amma zai duba kwalbar ya gaya mini mako mai zuwa.

Saura tambaya ɗaya Baba. Ɗakina rufin kwano ne, da rana kamar tanda. Yanzu na naɗe kwalbar a tsumma na sa ta a ƙasan akwatin kaya. Hakan ya isa, ko in kai ta ɗakin Inna na ƙasa kusa da randa?